Gwanin Rawa, Gwanin Nuna Yatsa: Batun Jerome Robbins

Akwai wata magana da na gaji da ji a darasin nazarin adabi, wai a raba mai fasaha da halinsa, a dubi aikinsa kawai. Maganar tana da daɗi a baki. To amma ni ina da mutum guda da nake so masu wannan ra'ayi su zo su raba mini shi gida biyu in gani, shi ne Jerome Robbins, Ba'amurken nan mai tsara raye-raye.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, don kada a ce hassada ce. An haife shi a birnin Niyu Yok a 1918, ɗan Yahudawa 'yan ci-rani, sunansa na yanka Rabinowitz. Ubansa yana da 'yar masana'antar ɗinka kamfan mata, ya so ɗan ya gaje shi, ɗan kuwa ya zaɓi rawa. A 1944, yana da shekara 25, ya tsara Fancy Free, labarin sojan ruwa uku da suka sauka gari neman 'yan mata, Leonard Bernstein ya yi masa kiɗa. Kafin wannan lokaci, rawar bale, wato irin wadda mata ke yi a kan 'yan yatsun ƙafa, galibi kayan fadar Turai ce, daga 'ya'yan sarakuna sai aljanu. Robbins ya shigo mata da tafiyar ɗan tasha da taƙamar ɗan birni. Duk wanda ya ga silimar West Side Story ta 1961, ya ga samari suna tafe a titi suna kaɗa yatsu, tafiya ta rikiɗe ta zama rawa ba ka san lokacin da ta rikiɗe ba, ya san an yi gwani. Silimar ta ci lambar Oscar 10. Shi kansa ya tafi da biyu, alhali kuwa an sallame shi tun ba a gama ɗauka ba, saboda yawan "a sake" da ya cinye musu kuɗi da lokaci. Ban yi musun ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ga inda gizo yake saƙa. A shekarun 1940 Robbins ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu ta Amurka, kamar yadda matasa masu fasaha da yawa suka yi, daga baya ya fita. Da Yaƙin Cacar Baki ya yi zafi, wani kwamiti na Majalisar Wakilai ya shiga farautar duk wanda ya taɓa leƙa taron jam'iyyar. Ba laifi ne a doka ba mutum ya kasance ɗan jam'iyyar a lokacin da suka shiga. Abin da kwamitin yake so shi ne ka zo gaban jama'a ka tuba, kuma alamar tubarka ita ce ka ambaci abokanka. Wanda aka ambata kuwa, kamfanonin silima da talabijin su rufe masa ƙofa, ba shari'a, ba ɗaukaka ƙara. A watan Mayu na 1953 Robbins ya zauna gaban kwamitin, ya ambaci mutum takwas. A cikinsu akwai 'yar wasa Madeline Lee, da 'yan wasa Lloyd Gough da Elliott Sullivan, da marubutan wasan kwaikwayo Jerome da Edward Chodorov, wa da ƙane, da Edna Ocko mai sharhin rawa. Na kawo sunayen ne da gangan, domin masu yabon Robbins sukan wuce su da jimla guda, kamar mai tsallake kwata.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce tsoro ne, an yi masa barazanar tona asirin rayuwarsa ta ɓoye, cewa yana hulɗa da maza, abin da a Amurkar 1953 zai iya kashe masa sana'a ya kuma kunyata shi gaban iyayensa. Masu rubuta tarihinsa sun kawo wannan, kuma ban ɗauke shi wasa ba. Amma ina tambaya: shi kaɗai ne yake da abin asara? An ƙwace wa Paul Robeson fasfo tun 1950, bai durƙusa ba. Lillian Hellman ta ƙi ambatar kowa a 1952. Arthur Miller ya ƙi a 1956, har aka same shi da laifin raina majalisa kafin kotun sama ta wanke shi. Zero Mostel ya ƙi a 1955, ya yi shekaru silima ba ta kula shi ba. Su ma suna da kuɗin haya a wuyansu. Tsoro yana bayyana dalilin da ya sa mutum ya yi abu, amma ba ya mai da wa Madeline Lee shekarun da ta yi a zaune.

Za a kuma ce ai kwamitin ya riga ya san sunayen, ba sabon abu ya ba su ba. Wannan hujja ta fi ba ni haushi. In sun sani, me ya sa suka nace? Domin ba labari suke nema ba, durƙuso suke nema, kuma durƙuson sananne irin Robbins ya fi na mutum ɗari tsada, don shi ne ke koya wa na baya cewa haka ake yi.

Abin da ya sa na ce ba ya rabuwa shi ne, ku dubi abin da ya ci gaba da yin rawa a kai. West Side Story labarin amana ne tsakanin 'yan ƙungiya. Fiddler on the Roof na 1964 labarin Yahudawan ƙauye ne da hukuma ta tasa a gaba har ta kore su daga gidajensu. Wa ya fito a matsayin babban ɗan wasan? Zero Mostel, wanda bai taɓa ɓoye raininsa ga Robbins ba. Shekara biyu kafin nan ma, a 1962, da aka kira Robbins ya ceto wasan A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, ya tarar da Mostel da Jack Gilford, mijin Madeline Lee, a cikin 'yan wasa. Suka yarda suka yi aiki da shi, Mostel yana cewa su ba sa hana mutum cin abinci saboda siyasa. Waɗanda aka cuta ne suka yi masa abin da shi ya kasa yi musu. Malami zai koyar da waɗannan wasanni ya ɓoye wa ɗalibi wannan, sa'an nan ya ce ya koyar da su?

Ban ce a ƙone fim ba, ni ma zan sake kallo. Cewa na yi ranar da aka nuna rawar a aji, a karanta sunayen takwas ɗin a wannan sa'ar, ba a ƙasan shafi ba. Shi kansa mai abin bai iya raba su ba. A farkon shekarun 1990 ya yi ta fama da wani wasa a kan rayuwarsa, The Poppa Piece, wanda a ciki ya sa ubansa da zaman kwamitin nan. Ya tara 'yan wasa, ya yi ta gwaji, ya kasa fito da shi gaban jama'a har ya mutu a 1998.