Me ya sa manhajojin hira ba da intanet ba ke sarƙewa a cikin taro?

Lokacin da sojoji suka ƙwace mulki a Myanmar a 2021 suka riƙa katse intanet, jama'a da dama sun koma ga manhajar Bridgefy. A 2025 kuma Jack Dorsey ya fito da Bitchat. Dukansu ba sa buƙatar turken sadarwa: waya ce ke miƙa wa waya saƙo ta Bluetooth har ya kai ga mai shi.

Sai dai turken nan shi ne mai raba wa wayoyi lokacin magana. In babu shi, wayoyi biyu kan aika saƙo lokaci guda a zango ɗaya, saƙonnin su yi karo, duka su lalace.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A tsarin ALOHA da Jami'ar Hawaii ta fara amfani da shi a 1971, inda kowa ke aikawa sa'ad da ya ga dama, lissafi ya nuna kusan kashi 18 cikin 100 na ƙarfin zangon kaɗai ke amfanuwa. Da aka yanka lokaci gida-gida, ya kai kashi 37.

Dabarar Wi-Fi ita ce saurare kafin magana. Amma wayoyi biyu da ba sa jin juna na iya aika wa ta tsakiyarsu a tare.

Ga kuma cunkoso: kowace waya na maimaita saƙon wasu, don haka yawan jama'ar da ke faɗaɗa hanyar shi ne kuma ke toshe ta. Manhajojin za su iya isar da gajeren saƙo ranar da layi ya ɗauke, amma ba za su maye gurbin turke ba.