Liyafar Aure Ta Fara Fin Ƙarfin Ango

Duk wanda yake zuwa bikin aure a Jos, Kaduna, Kafanchan ko Yola ya ga yadda liyafa ta sake kama. A da Zumuntar Mata ce take kwana a gindin murhu, a dafa shinkafa da tuwon acha da gwate, a dama kunun zaki, a kafa rumfa a harabar majami'a, kowa ya ci ya ƙoshi. Yau sai an ɗauki hayar zaure, an kira masu dafa abincin biki, an jera dafa-duka da soyayyiyar shinkafa da kaza, ga samosa da fanke tun kafin abinci, ga kek mai hawa uku ko huɗu. Masu ado kuma su lulluɓe bango da yadi da furannin roba da fitilu, har kujeru sai an sa musu riga mai launin anko.

Abin lura shi ne, wannan yayi ya yi ƙarfi daidai lokacin da aljihu ya yi rauni. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki darajar Naira. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar. Ko da yake farashin ya ɗan sauko a 2025, albashin malamin firamare bai kai ya ciyar da cikakken zaure ba.

To, ina kuɗin yake fitowa? Daga bashi, da adashi, da sayar da amfanin gona tun bai isa rumbu ba, da kwamitin abokai da ake ɗora wa haraji. Sakamakon muna ganinsa a ikilisiya. Saurayi ya biya sadaki, amma ya ɗage aure shekara biyu saboda liyafa. Wasu su gaji da jira su tare ba albarkar majami'a, sa'an nan mu sa su a ƙarƙashin horo. Wasu kuma su yi bikin, wata uku bai cika ba rigimar bashi ta kawo su gaban dattawa.

Ba mu ce masu wannan sana'a sun yi laifi ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne, da ita suke biyan kuɗin makaranta, kuma sun kawo tsabta da tsari wajen rabon abinci. Wani abin farin ciki ma, tsadar lemun kwalba ta dawo da zoɓo da kunun aya kan tebur, masa da dambun nama kuma sun sami daraja. Murna kanta ba zunubi ba ce, gama a bikin aure a Kana ta Galili Ubangijinmu ya yi alamarsa ta fari. Amma shi ne kuma ya yi mana gargaɗi a Luka sura 14 cewa mai ginin hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, mai biki kuma ya tuna da matalauta. Zauren da sai da kati ake shiga ya bar gwauruwar da take share majami'a a waje.

Saboda haka muna roƙon majalisar dattawa ta sa lissafin biki cikin koyarwar masu shirin aure. A ba da ɗakin taron ikilisiya da kujeru kyauta, Zumuntar Mata ta yi aiki tare da masu sana'ar, a kuma ƙarfafa ɗaura aure biyu ko uku rana ɗaya da liyafa guda. Iyaye masu hali su fara nuna misali, domin su talaka yake kwaikwayo. Allah ya ba mu hikima. Amin.