Wa ya ce ba a taɓa man giyar otomatik?

Akwai wata fatawa da ta samu gindin zama daga garejojin Gaya har bakin tashar Yelu, kuma duk wanda ya sayi mota otomatik sai an karanta masa ita tun kafin ya gama biyan kuɗin takardu: wai man giya ba a taɓa shi, ranar da ka juye shi ranar bwat ta mutu. Makanikai na faɗi, direbobi na maimaitawa, har ƴan'uwana malaman makaranta da ke koya wa yara kimiyya da safe, da yamma sai ka ji su suna yaɗa ta a majalisa. Ni dai na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin dukiya.

A mota mai giyar hannu, aikin mai bai wuce hana ƙarafa cin juna ba. A otomatik kuwa, man shi ne hannun da ke sa giyar. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, cikinta da fankoki na fuskantar juna. Inji ya juya ɗaya, mai ya tura ɗayar, ta haka ƙarfi ke isa ga tayoyi. Famfo na matsa man nan ta ƴan siraran hanyoyi, shi ke danne faifan kuloci ya sake su duk lokacin da mota ta canza giya, kuma shi ne dai ke kwashe zafi ya kai shi lagireto. Faifan nan fuskarsu kamar takarda mai kauri take, kullum suna goguwa, garinsu na zuba cikin man. Zafi kuma na dafa shi sannu a hankali har ya rikiɗe daga ja ya koma kalar shayi, daga nan ya yi baƙi yana warin ƙuna. To, a ɗora wa wannan mota zafin Afrilu na Gaya da ke haura digiri 40, a ɗora mata mutum bakwai da buhunan rogo da damin rake, a sa ta kokawa da rairayin dallol ranar kasuwa, sannan a ce man zai dawwama? Ko man gyaɗar mai ƙosai, in ya sha wuta kwana biyu, ta san ya gaji.

Na san abin da za a ce mini: ai mun gani da idonmu, wane ya yi bidanjin giya, bayan sati biyu mota ta ƙi tafiya. Na yarda an gani. Amma a tambaya, yaushe wane ya je gareji? Bai je ba sai da motar ta fara zamewa, inji na kururuwa tayoyi na jan ƙafa, ya sa ribas sai ya jira kafin ta kama da bugu. A lokacin faifan sun riga sun cinye, garinsu da ya yi kauri cikin tsohon mai shi kaɗai ke ɗan riƙe su. An zubar da shi, sabon mai ya shiga, ciwon da ke ɓoye ya fito fili. Wannan daidai yake da a riƙe maras lafiya a gida wata uku, sai yana shure-shuren mutuwa a kai shi asibiti, ya cika, a fito ana cewa allurar likita ce ta kashe shi. Waɗanda suka juye mansu a kan lokaci kuma motocinsu na tafiya lafiya, babu mai ba da labarinsu, don lafiya ba ta tara jama'a.

Gaskiya ɗaya da ke cikin tsoron ita ce ta tsohuwar giyar da ba a taɓa dubawa ba. Irin wannan ba a wanke ta da injin da ke tura mai da ƙarfi, domin yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya toshe ƴan hanyoyin nan. Kwance ƙusar ƙasa ake yi a bar man ya zubo da kansa, a auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. A ƙananan motoci da yawa lita 3 zuwa 4 ke fitowa, sauran na nan cikin ƙwaryar da bututun lagireto, shi ya sa ake sake juyewa bayan an ɗan yi tafiya. In giyar na da tasa a ƙasa, a cire ta, a goge maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, a duba mataci. Aikin bai kai rabin yini ba.

Wasu masu ɗan karatu sukan kafa hujja da cewa kamfani da kansa ya rubuta man na tsawon rayuwar mota ne. Rayuwar wa? Motar da ta sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano ta riga ta gama rayuwar da kamfanin ke nufi a Beljiyam ko Jamus ko Amurka, mu rayuwa ta biyu muke saye, wani lokaci ta uku, da ma'aunin kilomita wanda Allah kaɗai ya san sau nawa aka mayar da shi baya. Kuma ko a can maganar ba haka take ba. Littafin kula da mota na Toyota a Amurka ya tanadi a canza man giya a mil 60,000, kusan kilomita 96,000 ke nan, in motar na jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi. Wace mota ce a Yelu ba ta ɗaukar kaya masu nauyi? Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera wa BMW akwatin giya, shi da kansa yana ba da shawarar a canza man, alhali masu sayar da motar sun daɗe suna cewa ba sai an canza ba. Tsakanin wanda ya ƙera abu da wanda ke son ka dawo ka sayi sabuwa, ni na san wanda zan saurara.

Amma akwai abin da ya fi rashin juyewa muni, shi ne juyewa da abin da aka ga dama. Duk ja ɗaya ne, in ji mai tebur, yana miƙo maka jan mai cikin gorar ruwa ba suna ba hatimi. Jan nan rini ne kawai, an sa shi don a bambanta shi da baƙin man inji in ya ɗiga a ƙasa. Dexron da kowa ya sani, General Motors ne ya fito da shi a 1967, kuma tun daga nan an yi masa iri-iri. Toyota na da T-IV, daga baya ta kawo WS wanda ya fi shi tsinkewa. Honda na da DW-1. Motocin da ke da giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe tsakanin kasko biyu, mansu dabam ne kwata-kwata. NS-2 na Nissan ma ba ja ba ne, kore ne. Ka zuba Dexron a CVT, bel ya fara zamewa yana cin kaskon, shi ke nan. Irin wannan ma cikin lissafin waɗanda bidanji ya kashe ake sa su, alhali jahilci ne ya kashe su. Sunan man da motar ke sha yakan kasance a rubuce a kan sandar auna mai ko a littafinta, ko da Jamusanci aka buga shi, haruffa da lambobi dai ba sa bukatar tafinta.

Ba na zagin makanikanmu. Yawancinsu a ƙarƙashin Peugeot 504 da Hiace mai giyar hannu suka koyi aiki, kuma sun ƙware. Otomatik ta zo musu ba tare da malami ba, shi kuwa makaniki ya san in ya taɓa giya ta lalace, sunansa ne zai zagaya gari. Cewa kar a taɓa hanyar tsira ce gare shi, ba gare ka ba. Abin da nake zargi shi ne a mayar da tsoro ya zama ilimi, a riƙa cusa shi ga yaran gareji. Cibiyoyin koyon sana'a da ke horar da ƴan makaniki ya kamata su sa darasin otomatik a gaba, tunda motocin da ke shigowa yanzu da yawansu ita ce a jikinsu.

Da can mai mota na iya yin sakaci don ya san Malanbil na ƙetaren gada, in bwat ta mutu a aika Kwatano a kawo ta hannu. Tun da aka rufe gadar a ƙarshen Yulin 2023 lissafi ya canza: ko a ƙetaro da kaya a kwalekwale, ko a zagaya ta Kamba, ko a jira abin da ya biyo hanyar Lome ta Burkina, kowace hanya da kuɗinta. Kuɗin bwat guda ya isa bidanjin shekaru da yawa, ita kuma wadda za a kawo maka ba ka san abin da ta sha ba.

Kuma a ƙauyukanmu mota ba ta mai ita kaɗai ba ce. Ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Gaya da tsakar dare, ita ke kai wanda maciji ya sara. Mai giyar hannu in ta yi gardama samari su tura ta tashi. Otomatik ba a tayar da ita da turi, in kuwa giyar ce ta saki, ko inji na aiki babu inda za ta. Janta da igiya mai nisa tayoyi a ƙasa ma ƙara lalata ta yake yi, don famfon mai ba ya juyawa sai inji na kunne.

Duba man ba ya cin ko dala. A yawancin motoci masu sanda, a bar inji ya yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, giya a P inji na kunne (Honda kan so a kashe tukuna), a zaro sandar a goga a farar takarda. Ja garau, lafiya lau. Ya yi duhu amma ba wari, lokacin juyewa ya yi. Baƙi mai warin ƙuna da ƙyalƙyalin ƙarfe, a nemi wanda ya san giya kafin a taɓa komai. In kuwa ya fito fari-fari kamar an dama fura da jan rini, ruwan lagireto ne ya shiga, kada a ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin tasha.