Yafiya Ba Ta Zuwa da Bulala

Mun san zaman nan, domin kusan kowannenmu ya taɓa halartar irinsa. An shimfiɗa tabarma a soro, dattawan unguwa sun hallara, an kira mai laifi da wanda aka cuta. Wataƙila kawu ne ya cinye gadon marayu, ko miji ya fasa wa matarsa baki, ko wani mai hali ya lalata 'yar maƙwabcinsa. Kafin a gama jin ba'asi, sai idanu su koma kan wanda aka zalunta: "Ki yi haƙuri, 'yar nan." "A bar wa Allah." "Kada ku tona wa zuri'a asiri." A shafa fatiha, a watse. Mai laifi ya zura takalminsa ya tafi, bai amsa laifi ba, bai mayar da ko sisi ba. Mu kuma mu koma gida muna jin mun yi aikin lada.

Gaskiyar magana, azzalumi muka taya aiki. Mun ɗauki yafiya, wadda take cikin mafi kyawun halayen ɗan Adam, mun mayar da ita harajin da talaka da mace da maraya kaɗai suke biya. A duba da kyau: sau nawa muka taɓa cika soron mai kuɗi muka hana shi sakat har sai ya yafe wa yaron shagonsa? Shi yaron shago caji ofis ake kai shi tun kafin azahar. Haƙurinmu kullum gangare yake bi, inda ƙasa ta yi taushi nan yake kwanciya.

Za a ce mana ai addini ya kwaɗaitar da yafiya. Haka ne, kuma ba mu ja da wannan. Amma addinin bai taɓa ƙwace haƙƙi daga hannun mai shi ba. A shari'ar kisa, magadan mamaci ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa, ba liman ba, ba mai unguwa ba. Malamai kuma sun karantar da mu cewa tuba daga laifin da ya shafi haƙƙin wani ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi mai shi ya yafe. Ashe nauyi na farko a wuyan mai laifi yake. Mu ne muka juya lissafin, muka sauke masa kayansa muka ɗora wa wanda ya riga ya durƙushe.

Wannan ɗabi'a ba a soro ta tsaya ba, har fadar mulki ta kai. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa. Mutane suka zo suka zubar da hawaye a bainar jama'a. Tsofaffin shugabannin mulkin soja uku, wato Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar, suka ƙi bayyana a gabansa. Aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Waɗanda suka yi kukan, me suka samu in ban da "a yi haƙuri"?

A kwatanta da Afirka ta Kudu. Hukumar Gaskiya da Sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta ta fara zama a 1996, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Tana da ikon yin afuwa, amma da sharaɗi: mai nema ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata, ba ɓoye-ɓoye. Mutum fiye da 7,000 suka nema, 849 aka ba. Hukumar tana da nata kurakuran, kuma iyalai da dama ba su gamsu ba. Duk da haka ta riƙe ƙa'idar da muka yar: a fara da gaskiya, sannan a yi zancen afuwa.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga yafiya ta haƙiƙa. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Kowannensu ya daɗe yana ɗauke da ƙullin ɗaukar fansa. Sun haɗu a 1995, kuma amana ba ta ginu tsakaninsu a zama ɗaya ba, sai da ta ci shekaru. Daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka riƙa shiga garuruwan da wuta ta kama. Babu wanda ya tsare su a soro ya ce sai sun yafe kafin magariba. Da ƙafarsu suka taka zuwa wurin, shi ya sa abin ya ɗore.

Yafiyar dole kuwa mun ga 'ya'yan da take haifarwa. Matar da aka mayar ɗaki ba tare da an tsawata wa mijinta ba, bayan wata biyu za ta dawo da sabon tabo. Marayan da aka rufe wa baki zai girma da gaba a zuciya, ya gadar wa 'ya'yansa. Wanda ya lalata yarinya aka rufa masa asiri ya koyi darasi ɗaya tak: unguwar nan babu abin da za a yi masa. Yarinya ta gaba da zai taɓa, da hannunmu a ciki.

Saboda haka, idan aka sake kiranmu zaman sulhu, mu sauya inda muke fara kallo. Mu fuskanci mai laifi tukuna: ka aikata ko ba ka aikata ba? Me za ka mayar, kuma yaushe? Idan gona ce, a auna a mayar. Idan kuɗi ne, a rubuta a sa hannu a gaban shaidu. Idan fyaɗe ne, wannan ya fi ƙarfin soro, asibiti da kotu ne wurinsa, kuma duk dattijon da ya nemi a binne maganar mu faɗa masa cikin ladabi cewa bai yi daidai ba.

Bayan nan sai mu juya ga wanda aka cuta, mu tambaye shi abin da yake buƙata, mu ba shi lokaci. In ya yafe, ya yi kyautar da ta fi ƙarfin kowa a wurin, kuma ladansa na wurin Allah. In ya ce bai shirya ba, mu kama bakinmu. Haƙƙinsa ne, kuma ba mu aka cuta ba.