Kafin a Sayar da Gonar Gado

Bayan la'asar ɗin wata Juma'a yayana ya yi sallama a zaurena, riƙe da takardu biyu cikin ambulan. Ɗaya farar takarda ce da aka buga a shagon kwamfuta, shaidar cewa 'yarsa ta fari ta sami gurbi a wata babbar jami'ar gwamnatin tarayya, sai dai ba likitancin da ta nema aka ba ta ba, ilimin ƙananan halittu aka ba ta. Ɗayar kuwa mai sheƙi ce, da hoton dogayen gine-gine da ciyawa kore shar, daga wata jami'a mai zaman kanta. Su sun ce ta zo, likitancin na jiranta. Ya ajiye su a kan tabarma, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce ya yi magana da dillali a kan gonarsa ta bakin rafi, wadda ta faɗo masa a rabon gadon mahaifinmu.

Na ce, "Yaya, gonar da ake ci da ita?"

Ya ce, "To ya zan yi? Yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Kuma kai ka san yajin aiki."

Na sani kuwa, kuma duk mai son ya yi wa iyaye irin yayana adalci, daga nan ya kamata ya faro. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati ƙarƙashin ƙungiyar ASUU sun ajiye aiki daga Maris har Disamba, wata tara. A 2022 suka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma tushen rigimar yana komawa ga yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnati tun 2009. Yaron da ya shiga karatun shekara huɗu a wannan tsakanin, sai da ya kusa cinye shida. Wata takwas a zaune a gida ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi, balle ga budurwa, wadda kowane wata da ta ƙara a gaban uwarta sai wata gwaggo ta tambayi yaushe za a sha biki. Da yawa sun yi aure a tsakiyar yajin aiki ba su koma aji ba. Wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya gama, ba ya zuwa bautar ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'o'i masu zaman kansu da suka fara da guda uku a 1999, Igbinedion da Babcock da Madonna, yau sun haura ɗari, kuma a Arewa ma ga Al-Qalam a Katsina, ga Jami'ar Amurka ta Yola, ga Baze da Nile a Abuja, ga Skyline a Kano.

Abin da uba ke saya a can, in za a faɗi gaskiya, lokaci ne. Ana gaya masa ranar shiga da ranar fita, kuma ana cikawa. Yana sayen aji mai ɗalibai talatin maimakon zauren da wasu ke leƙe ta taga, da ɗakin kwanan da famfonsa ke zuba, da mai gadin da ya san fuskar 'yarsa. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, ba na raina su. Ni kaina na yi karatu a inda muke kama wurin zama tun bayan sallar asuba, mu ajiye littafi a kan benci mu je neman koko, kuma na san yadda zuciya ke tafasa idan sakamakon jarrabawa ya ɓace aka ce ka sake kwas ɗin.

Amma ilimin kansa fa? Nan ne nake ganin ana yi wa rogo kallon kitse. Shiga ajin jami'a mai zaman kanta ka tambayi farfesan da ke gaban allo inda ya yi digirinsa na uku, da inda yake koyarwa ranar Litinin. Sau da yawa amsar ita ce Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara malamai da littattafai. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da asibitin koyarwa na Shika, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ba abubuwa ne da attajiri zai gina cikin shekara biyar ba, komai kaurin aljihunsa. Haka Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano. Likita a gefen gadon majiyyaci ake yin sa, kuma ɗalibin da ya kwana a ɗakin haihuwa inda mata ke shigowa dare da rana daga ƙauyuka ya ga abin da allon majigi ba zai nuna masa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shi ya sa na tambayi yayana ko ya bincika abu biyu: ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas a wannan jami'ar, da kuma ɗalibai nawa majalisar likitoci ta ƙasa ta yarje musu su yaye a shekara. Bai san akwai wani ƙayyadadden adadi ba. Akwai kuwa, kuma makarantar da ta kwashi ɗalibai fiye da kasonta, yaran ne ke tsayawa a layi bayan sun gama. Gaggawa irin wannan ce ta kai wasu iyaye tura 'ya'yansu Kwatano, har ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri a can cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Masu laifi da marasa laifi duk abin ya shafa.

Duk wannan bincike ne da kowa zai iya yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gonar. Muka ɗauki biro muka yi lissafi a bayan ambulan ɗin. Kuɗin da dillali ya faɗa zai biya shekara biyu, in an matsa. Likitanci shekara shida ne, kuɗin makaranta kuma ba ya sauka, hawa yake yi. Na ce, "Yaya, shekara ta uku me za mu sayar?" Bayan wannan yarinya akwai ƙanne biyar, na ƙarshen yana aji uku na firamare. Masarar da suke ci daga gonar take zuwa, kuɗin makarantarsu daga tumatirin rani yake fitowa. Uba ba shi da ikon ya ɗebi rabon yara biyar ya zuba wa ɗaya, ko da ita ce mai ƙwaƙwalwar gidan. Amana ce a hannunsa, kuma ƙananan da ba su da bakin magana a zauren nan su ma za a tambaye shi a kansu. Na ga gidan da aka yi irin wannan sadaukarwa, kuɗi ya yanke a tsakiya, yaro ya dawo ba digiri ba gona, ya kasa haɗa ido da ƙannensa. Ita ma yarinyar, wane irin kaya ne za a ɗora mata, ta shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa abincin gidansu ne a kan alƙalaminta?

Wanda Allah ya hore wa, zai biya shekara shida ba tare da tukunyar gidansa ta girgiza ba, ya kai ɗansa inda ya ga dama, halalinsa ne. Maganata da mai albashi ce da manomi da ɗan kasuwar da ke jin kunyar a ce ɗan maƙwabci na jami'ar kuɗi nasa na ta gwamnati. Su tuna har bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati ake ba, kuma kuɗin asusun TETFund da ke gina azuzuwa da tura malamai ƙaro ilimi can yake tafiya.

Akwai kuma wani abin da ba a rubuta shi a takardar kuɗin makaranta. A ɗakin kwananmu na jami'a mu takwas ne: ɗan Fulani daga Adamawa, Bayarabe daga Ilori, ɗan Tibi daga Binuwai, ɗan wani kwamishina da ɗan mai gyaran keke. Kwano ɗaya muke sa hannu idan wata ya yi nisa. A nan na koyi zama da wanda ba addininmu ɗaya ba, na koyi bin haƙƙina daga ofis zuwa ofis ba tare da na ce ni ɗan wane ba ne. Ƙasar da 'ya'yan masu mulkinta ba su taɓa zama benci ɗaya da 'ya'yan talakawa ba, wa zai ji zafin yajin aiki a cikin masu sa hannu a kasafin kuɗi? Da yawansu a jami'o'in gwamnatin nan suka yi karatu, da tikitin abinci da kuɗin tallafi na jiha. Sun haye, sun janye tsanin. Wannan yana ƙona mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Da magariba ta kusa muka aika aka kira yarinyar, domin ba daidai ba ne a yanke mata rayuwa tana bayan labule. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu. Na karanta mata lissafin bayan ambulan, ban rage komai ba. Na gaya mata kuma tana iya karɓar gurbin da ta samu, ko ta haƙura shekara guda ta sake zana jarrabawar JAMB ta nemi likitancin a jami'ar gwamnati, in makinta ya kai.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Baffa, in na sake zanawa ban samu ba fa?"

Na ce mata hakan na iya faruwa, ba zan yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Ta dubi mahaifinta, wanda saboda kunyar 'yar fari ko sunanta ba ya kira, ta ce, "Baba, a bar gonar. Zan sake zanawa."

Yayana bai amsa ba. Ya ninke takarda mai sheƙin gida huɗu ya sa a aljihu, ya ce in ba shi buta. Washegari da safe ya kira dillalin ya ce a dakata, ita kuma ta aiko ƙaninta ya karɓar mata tsofaffin littattafan kimiyya da ke cikin akwatina.