Na'ura Ba Ta Zuwa Dubiya

Akwai wani abokina a ɗakin kwananmu mai fama da ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Da zarar hunturu ya kama, sai ka ji shi cikin dare yana nishi, kamar ana sara masa ƙasusuwa. Ya taɓa gaya mini cewa zaman kaɗaici da masu kiransa raggo sun fi ciwon kansa ci masa rai. Irinsa kuwa suna da yawa, domin an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya.

To, masana sun fito da dabaru biyu don kwantar wa irin waɗannan bayin Allah hankali. Ta farko ita ce wani tabarau na kwamfuta, wanda in ka sa shi sai ka ga kanka a wata duniya dabam. Jami'ar Washington ta Amurka ta jarraba shi a kan masu ƙunar wuta: ana wanke musu gyambo, su kuwa suna can suna jifa da ƙanƙara. Hikimar ita ce, in hankali ya tafi wani wuri, zafin da mutum ke ji yakan ragu. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da irinsa ga masu daɗaɗɗen ciwon baya. Wannan kam na yaba, da ma a ce asibitocinmu za su samu.

Dabara ta biyu ce ke ba ni tsoro, wato ƙirƙirarriyar basira mai hira da mutum ta waya. Lalle ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta kuma gori. Amma tun 1966 wani malami, Joseph Weizenbaum, ya ƙirƙiro wata mai suna ELIZA, sai ga sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita ya bar su su gana. Abin ya tayar masa da hankali, domin ya san na'urar juya mata maganarta kawai take yi. Na yau sun fi ta iya zance nesa ba kusa ba, duk da haka sukan faɗi abin da ba daidai ba, kuma mai baƙin ciki ba ya tsayawa tantancewa.

'Yan'uwana ɗalibai, a nawa ra'ayi a bar majinyaci ya yi hira da ita in dare ya yi masa tsawo, amma da sanin likitansa. Abin da nake gudu shi ne mu fake da ita mu ce ai yana da abokin hira. Mu da ko waya ba a yarda mu riƙe a makaranta ba, wa zai ɗebe masa kewa in ba mu ba? Bara da aka kwantar da abokin nan nawa kwana 9, mu 3 kacal muka nemi izini muka je duba shi, alhali mu 40 ne a ɗakin.