Kada Mu Bar Wa 'Yan Gwangwan Tsohuwar Tafireta

'Yan'uwana ɗalibai, a ofisoshi da makarantun Yola da Jimeta akwai tsofaffin tafireta, irin su Olympia da Imperial, jibge a sito ƙura ta lulluɓe su, ana jiran ranar da 'yan gwangwan za su ɗora su a sikeli. Ra'ayina shi ne ƙungiyarmu ta roƙi ko da guda ɗaya ce, mu gyara ta.

Yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, ƙarfensu garau yake. Ciwon yana jikin roba. Babbar rolar da takarda ke naɗewa a kanta, da ƙananan da ke ƙarƙashinta, duk da roba aka lulluɓe su. Shekaru da zafin Yola, wanda kan haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, sukan busar da ita ta yi tauri kamar itace. Daga nan sai takarda ta riƙa zamewa, layi ya karkace, harafi ya huda takarda. Ƙananan kuwa sukan baje ta gefe ɗaya saboda daɗewa a matse.

Gyaran ba ya bukatar injiniya. In robar ba ta tsattsage ba, a goge ta da sifirit, a bi ta da samfefa mai laushi har santsin ya tafi. Ban da kananzir ko baƙin mai, cin roba suke yi. In ta lalace sarai, a kankare ta, a je wurin mai faci a samo tib na keke a zura wa rolar, amma kaurin ya zo daidai da na da. A riƙa sa takarda biyu wajen bugu, in an gama a saki abin da ke matse takardar.

Wani zai ce, ga kwamfuta, me ya kai mu wannan wahala? Ai ban ce a buga kundin digiri da ita ba. Tarihin rubutunmu ne a jikinta. Yawancin tafiretocin da aka shigo da su baƙaƙen Turanci kaɗai gare su, don haka mai bugu kan buga k da d da b, sannan ya bi shafi da biro yana sa musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, don kada baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ni da na tashi da Fulatanci a baki, abin ya shafe ni sau biyu, domin mu ma muna da ɓ da ɗ, ga kuma ƴ da ŋ, waɗanda aka amince da su a taron Bamako na 1966. Yau ga haruffan nan a wayar kowa, amma dubi saƙonnin da muke tura wa juna, mu masu nazarin harshen!

A ajiye ta a ɗakin karatun sashe, kowane ɗan aji ɗaya ya buga shafi guda ya sa lanƙwasar da hannunsa. Kuɗin tib da samfefa ba zai kai na lemon da muke sha a Makon Hausa ba.